Fari, baƙi, ja, rawaya: wa ya ja layin nan tun farko?

A 1871 Charles Darwin ya zauna ya jero ra'ayoyin manyan masana na Turai da Amurka kan tambaya guda ɗaya tak, wai jinsunan ɗan adam nawa ne a duniya. Wani ya ce 2, wani ya ce 3, Kant ya ce 4, Blumenbach ya ce 5, Buffon 6, Agassiz 8, wani 11, wani 15, wani 16, Morton ya ce 22, Crawfurd ya ce 60, wani kuma ya ƙara ya ce a'a 63 ne. Duk manyan malamai ne fa, duk sun rubuta littattafai masu kauri, amma ko adadin ba su daidaita a kai ba. To amma kai da ka buɗe tsohon littafin labarin ƙasa na 'yan firamare ba za ka taɓa sanin akwai wannan rigimar ba, shafi ɗaya ne za a ba ka da hotunan kawuna huɗu ko biyar, a ce ga su nan, ka haddace ka kawo a jarrabawa, shikenan.

In ana neman inda abin ya fara zama "kimiyya", yawanci ana komawa kan Carl Linnaeus, mutumin Suwidin ɗin nan da ya tsara yadda ake ba tsirrai da dabbobi suna, wanda har yau tsarinsa ake koyarwa a ajin bayoloji. Kafin shi akwai wani likita Bafaranshe matafiyi, François Bernier, da ya gwada raba mutanen duniya a 1684, amma na Linnaeus ne ya yi jama'a. A littafinsa Systema Naturae na 1735 ya raba mutane gida 4 bisa nahiyoyi da launi: Bature fari, ɗan asalin Amurka ja, ɗan Asiya mai duhu-duhu, ɗan Afirka baƙi. A nan dai abin bai yi muni ba tukuna. A bugu na goma ne, na 1758, ya ƙara masa gishiri. Sai ya zama kowane jinsi yana da hali da tufafi da abin da ke mulkinsa. Bature mai kaifin basira ne, mai ƙirƙira, yana sa matsattsun kaya, doka ce ke mulkinsa. Ɗan Asiya mai girman kai ne da rowa, yana sa kaya burum-burum, ra'ayi ke mulkinsa. Ɗan Amurka mai taurin kai ne, yana zane a jiki da jan fenti, al'ada ke mulkinsa. Ɗan Afirka kuwa wai mai wayo ne, malalaci, mai sakaci, yana shafa mai a jiki, son zuciya ke mulkinsa.

Ka lura da kyau, tufafi da shafa mai sun shigo cikin ma'anar halitta. Kuma shi Linnaeus ɗin bai taɓa taka Afirka ko Asiya ko Amurka ba, labaran matafiya da 'yan kasuwa ya tattara, a zamanin da jiragen cinikin bayi ke kai da kawowa a Atlantika. Sannan me ya sa 4? Duk wanda ya taɓa zama da malamin da ya san ɗibbu ya ji batun ɗabi'u huɗu na likitancin Yunanawa, jini da safra'u da sauda'u da balgamu. Su ɗin dai Linnaeus ya ɗauko ya raba, ya ba Bature jini, ɗan Amurka safra'u, ɗan Asiya sauda'u, ɗan Afirka balgamu. Nahiya 4, launi 4, ɗabi'a 4, lissafi ya fita tsaf. A wannan bugun ne ma ɗan Asiya ya tashi daga mai duhu ya koma rawaya, alhali Turawan farko da suka je Sin da Jafan da yawansu farare suka kira mutanen can.

Sai Johann Friedrich Blumenbach na jami'ar Göttingen a Jamus, shi kuma ƙoƙon kawunan matattu yake tarawa. A 1795 ya fitar da rabon gida 5 da ya fi kowanne daɗewa a littattafan makaranta: Kokeshiyan, Mongoliyan, Habashawa wato duk baƙar fata, 'yan asalin Amurka, da Malayawa. Dalilin kiran Turawa Kokeshiyan abin dariya ne in ka ji. A cikin kawunan da ya tara akwai na wata mata daga Jojiya, yankin duwatsun Kokesos, shi a ganinsa wannan ƙoƙon ya fi kowanne kyau, dan haka sai ya yanke cewa daga can asalin mutum ya fito kuma sauran jinsunan canzawa suka yi daga wannan siffar. Kyau fa. Ido ne ya gani ya yaba, aka mai da shi ilimi.

Amma a yi wa mutumin adalci. Blumenbach ya dage cewa duk mutane asalinsu ɗaya, ya rubuta cewa siffofin suna narkewa ne cikin juna sannu a hankali ta yadda duk inda ka ja layi kai ka ga dama, kuma yana tara rubuce-rubucen baƙaƙen fata dan ya nuna ba a fi su ƙwaƙwalwa ba. Waɗanda suka zo bayansa suka ɗauki akwatunan biyar suka watsar da gargaɗin.

Wanda ya mai da akwatunan nan tsani, wani sama wani ƙasa da lambobi, shi ne Samuel George Morton, likita a Filadelfiya. Ya tara ƙoƙon kai kusan 1,000, wasu an tono su daga kaburburan 'yan asalin Amurka, wasu na bayi ne 'yan Afirka da suka mutu a Kyuba. Yadda yake yi, zai kifa ƙoƙon, ya toshe ramukan ido da sauran kafofi, ya riƙa ɗura ƙananan iri ta babban ramin da ke ƙasan kai har ya cika, sannan ya juye a mazubin awo ya karanta. Daga baya da ya ga irin yana ba shi amsa daban-daban gwargwadon yadda aka danna, sai ya koma ƙananan harsasan dalma. A littafinsa na 1839 Bature ya tashi da matsakaicin girman cikin ƙoƙo inci 87 na awon mazubi, ɗan Afirka 78, sauran suna tsakani. Masu bayi a kudancin Amurka suka yi ta murna, har da ya mutu a 1851 wata mujallar likitoci ta Charleston ta yaba masa cewa ya taimaka wajen ajiye baƙar fata a matsayinsa na ƙasa.

An yi ta cacar baki kan ko ya yi coge a awon. Masanin kimiyya Stephen Jay Gould ya ce Morton ya murɗe lissafi, wasu masu bincike kuma suka sake auna kawunan a 2011 suka ce awon nasa galibi daidai ne. Ni a ganina wannan ba shi ne gundarin maganar ba. Girman kai yana tafiya ne da girman jiki da ko namiji ne ko mace da sanyin ƙasa ko zafinta, ba ma'aunin hankali ba ne, mutanen Neanderthal da suka ƙare tuntuni ƙwaƙwalwarsu ta kai tamu girma har ma ta ɗara. Kuma shekara uku kafin littafin Morton, a 1836, wani Bajamushe Friedrich Tiedemann ya yi irin wannan awon da gero, ya ga girman kawunan baƙaƙe da farare ya shiga cikin juna, ya ce babu hujjar bauta a nan. Kusan awo iri ɗaya, hukunci daban. Na Morton ne ya yi kasuwa saboda shi ake nema.

Daga nan abin ya gangaro aji. Littattafan labarin ƙasa na makarantun Amurka a ƙarni na 19 ba su tsaya a launi ba, har matakai suke jerowa, daga mutanen daji zuwa masu rabin wayewa zuwa wayayyu zuwa masu cikakken haske, kuma ka san wa ke saman bene. Hoton shafin ma kaɗai ya isa darasi: Bature a tsakiya da kwat da gashi a taje, ɗan Sin da doguwar kitsonsa, ɗan asalin Amurka da gashin tsuntsu a ka, ɗan Afirka yawanci ba riga. Ba za a taɓa zana maka manomin Turai a yagaggen kaya kusa da alƙalin Tumbuktu da rawaninsa ba. A Faransa littafin karatun yara da ya fito a 1877 kan wasu yara biyu da suka zaga ƙasar, wanda aka sayar da miliyoyin kwafi, yana da hoton jinsi 4 kuma a ƙarƙashinsa an rubuta cewa farar fata ita ce mafi kamala. A Amurka littafin bayoloji na George Hunter na 1914, wanda a kansa aka yi shahararriyar shari'ar Scopes a 1925, malamin da aka gurfanar saboda koyar da ka'idar Darwin, ya jero jinsi 5 ya ce Kokeshiyan su ne ƙololuwa. Yaro ɗan shekara goma bai san wani Morton ba, shi dai ya ga abin a shafin da ke kusa da tsawon kogin Nilu, dan haka duk gaskiyarsu ɗaya a wurinsa.

In kana son ganin yadda rabon ke wargajewa da zarar an matsa shi, duba kotun ƙolin Amurka. A farkon shekarun 1920 doka ta ce farar fata da 'yan asalin Afirka ne kawai za a ba takardar zama ɗan ƙasa. A Nuwamban 1922 wani Bajafane, Takao Ozawa, ya ce ku dubi fatata mana, fara ce. Kotu ta ce a'a, ba launi ake nufi ba, Kokeshiyan ake nufi kamar yadda masana suka faɗa. Wata uku bayan nan, Fabrairun 1923, sai ga Bhagat Singh Thind, Ba'indiye da ya yi aikin soja wa Amurka, ya ce to madalla, masanan nan naku sun sa mutanen arewacin Indiya a cikin Kokeshiyan. Kotun nan dai, alƙalin nan dai da ya rubuta hukuncin farko, ta ce ai ba maganar masana ake bi ba, abin da mutumin kan titi ya sani da fari shi ne fari. Kaga kenan an riga an san wanda ba a so, hujja ce kawai ake canzawa.

Yanzu ga inda abin ya iso ƙofar gidanmu. Turawa sun shigo Afirka da ka'idar cewa baƙar fata ba ya iya gina komai, sai kuma suka tarar da birane masu ganuwa da sarakuna da alƙalai da rubutu da haraji. Maimakon a ce ka'idar ce ta faɗi, sai aka ƙirƙiro wani jinsi a tsakani, wai Hamawa, zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu. Abin mamakin, ɗaruruwan shekaru da sunan Ham ɗin nan ake kafa hujjar bautar da baƙaƙe, wai an la'ance shi shi ya sa 'ya'yansa suka yi baƙi, labarin da babu shi a Alƙur'ani, a Baibul ɗin ma Kan'ana aka la'anta kuma ba a ambaci launi ba. Amma bayan Napoleon ya shiga Masar a 1798 Turai ta ga dala da gumakan Fir'auna, sai Hamawa suka rikiɗe suka zama reshen farar fata da rana ta ƙona. Matafiyin Ingila John Hanning Speke ya yaɗa wannan a 1863 kan masarautun yankin manyan tafkuna na gabashin Afirka, sannan C. G. Seligman a littafinsa na 1930 kan jinsunan Afirka ya faɗa ƙarara cewa duk wayewar Afirka ta Hamawa ce, makiyaya masu kaifin basira da suka zo suka mamaye manoma baƙaƙe. An ci gaba da buga littafin nan har 1966, bayan ƙasashenmu sun samu 'yanci.

A nan yankin Fulani aka ɗora wa wannan rigar. Gwamna Lugga da jami'ansa sun ɗauki sarakunan Fulani a matsayin masu jinin waje da aka haifa da iya mulki, abin da ya zo musu daidai da tsarin mulki ta hannun sarakuna. A ɓangaren Faransa Maurice Delafosse ya ce asalin Fulani daga Yahudawan Sham ne. Masanin harsuna Carl Meinhof a 1912 ya zuba Fulatanci da Hausa da harshen Masai da na Nama na kudancin Afirka a kwando ɗaya na harsunan Hamawa, kuma in ka duba da kyau za ka ga shanu da dogon hanci sun yi aiki a rabon nan fiye da nahawu. Sai da Joseph Greenberg ya zo daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1963 ya ce a ajiye hanci da saniya a gefe a kwatanta kalmomi da ginin jimla kawai. Da aka yi haka sai Fulatanci ya fito ɗan'uwan Serer da Wolof na Senegal, cikin babban gidan Neja-Kongo, Hausa kuma ta zauna a reshen Cadi tare da su Bole da Angas da Margi, cikin gidan da ya haɗa da Larabci da Abzinanci da tsohon harshen Masar. Wani gida mai suna Hamawa kuwa babu shi kwata-kwata. Duk wanda yake jin ƙyas a jikinsa dan an ce kakanninsa ba 'yan nan ba ne, ya san wani ɓangare na wannan alfaharin daga ofishin Bature ya fito.

A Ruwanda ne abin ya kai maƙura. Turawan Beljiyam suka auna hanci da tsawo, suka ce Tutsi Hamawa ne da suka zo daga wajen Habasha, Hutu kuma baƙaƙen asali, a shekarun 1930 suka buga wannan a katin shaida, mutanen da harshensu ɗaya suke auratayya. A 1992 ɗan siyasa Léon Mugesera ya tsaya gaban taro ya ce za a mai da Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000, gawawwaki da yawa kuma a kogunan aka zuba su.

Kar kuma mu ɗora wa Turai komai mu wanke hannu. Tsofaffin littattafan labarin ƙasa na Larabci sun gaji tsarin yankuna 7 daga Yunanawa, inda mutanen tsakiya su ne daidai, na can kudu zafi ya ɓata su, na can arewa sanyi ya daskarar da su. Ibnu Khaldun a Muƙaddima ya yi watsi da labarin la'anar Ham ya ce zafin rana ne ke kawo baƙi, amma shi ɗin dai ya rubuta maganganu marasa daɗin ji kan baƙaƙen da ke can kudu. A 1615 sai da Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta amsa ga mutanen Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, yana faɗa musu cewa baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai a cikin ƙasashen Musulmi. In ba a yi tambayar ba ai ba za a ba da amsar ba.

Rushewar ginin ba rana ɗaya ba ce. Anténor Firmin, ɗan Haiti, ya rubuta littafi sukutum a Faris a 1885 yana mai da martani ga Gobineau, Bafaranshen da ya rubuta cewa jinsunan mutane ba daidai suke ba, aka yi kamar ba a gani ba. Franz Boas ya auna baƙi 'yan ci-rani da 'ya'yansu kusan 18,000 a New York, ya nuna a wajen 1911 cewa siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta ɗan bambanta da ta iyayensu, alhali siffar kai ita ce aka ce ba ta motsi. Sai Hitler ya nuna wa duniya ƙarshen hanyar, UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da sanarwarta ta watsi da fifita wani jinsi a kan wani a 1950. Amma wanda ya fi yi wa abin illa shi ne binciken ƙwayoyin gado. A 1972 Richard Lewontin ya lissafa ya ga wajen kashi 85 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane yana cikin kowace al'umma ɗaya ne, abin da ke tsakanin manyan jinsunan nan na littafi bai wuce kashi 6 zuwa 7 ba. Kuma Afirka ta fi ko'ina yawan bambanci, saboda a nan mutum ya fi daɗewa, waɗanda suka fita suka cika sauran duniya wani ɗan yanki ne kawai suka ɗiba suka tafi da shi. Wato akwatin da aka rubuta wa "baƙi" aka rufe, shi ne ya fi sauran duka kaya a ciki.

Ba wai ana cewa mutane ba su bambanta ba, ido na gani, kuma gwajin DNA yana iya faɗa maka yankin da kakanninka suka fito. Maganar ita ce kowace siffa da taswirarta. Launin fata yana bin ƙarfin hasken rana ne, shi ya sa mutumin Papua da na tsibiran Andaman suke baƙaƙe wuluk amma a jini sun fi kusa da mutanen Asiya a kan mu. Sikila tana bin zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa akwai ta a Najeriya da Indiya da gabashin Saudiyya da wasu sassan Girka, amma da wuya ka same ta a Zulu na Afirka ta Kudu. In da sikila aka ɗauka aka yi rabon da Bahaushe da Bagirke sun faɗa gida ɗaya. Raba mutane da launi kamar ka shiga Dawanau ne ka jera hatsi bisa kalar buhu. Kuma ka bi Nilu daga Iskandariya zuwa Aswan zuwa Khartum zuwa Juba, launi yana ƙara duhu kaɗan-kaɗan, ba wani gari da za ka nuna ka ce a nan fari ya ƙare baƙi ya fara.

Duk da haka guntayen tsohon shafin suna nan. Har yau a Amurka ana rubuta Kokeshiyan a fom da rahoton 'yan sanda. Yaran da ke da larurar Down an daɗe ana kiransu da sunan Mongol saboda likitan da ya bayyana ta a 1866 ya ga kamar sun yi kama da wancan jinsin, sai a 1965 hukumar lafiya ta duniya ta daina bayan Mongoliya ta yi ƙorafi. A asibitocin Amurka, a da, lissafin ƙarfin ƙoda yana da wani ƙari na musamman in majiyyaci baƙi ne, wanda ke sa ƙodarsa ta fito kamar ta fi lafiya a takarda, sai a makara wajen tura shi gun ƙwararre ko sa shi a layin dashe. A 2021 ne manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na ƙasar suka ce a cire shi, a 2023 kuma aka umarci cibiyoyin dashe su koma su sake lissafa wa baƙaƙen majiyyata lokacin jiran da suka yi asara.